Kula Mai Farin Murfi

Ni mace ce da ba ta iya ganin an cuci mutum a ciniki ta yi shiru. Tun ina koyar da girki a wata makarantar 'yan mata a nan Mabera, in na shiga gidan mutum na tarar ya sayi tukunyar da gindinta bai fi takarda kauri ba, sai na faɗa masa, ko da kuwa yanzun nan aka gama yi min maraba. Maigidana ya gaji da ba mutane haƙuri a madadina. 'Yan uwana kuwa a zauren danginmu na waya suka ji jiki. Da safe in aika murya ina yabon wani injin markaɗe, da rana in sake aikawa ina zagin wata fanka mai caji da ta mutu tun ba a kira azahar ba.

Yayana, wanda nake bi, shi ne ya fara ƙosawa. Yana aiki a wani ofis a Sama Road, kuma shi ne ɗan bokon gidanmu, wanda ake kai wa waya in ta ƙi kunnuwa. Wata Asabar ya zo da kwamfutarsa ya zauna a tsakar gidana ƙarƙashin dogon yaro, ya ce zai buɗe min shafin intanet nawa na kaina.

"Ki riƙa zuba surutunki can, Malama," in ji shi. "Mu mu huta, ke ko ki samu na sabulu."

Na ce masa surutu dai ina da shi kyauta, amma sabulun daga ina zai fito?

Nan ya zauna ya yi min bayani, ni da na saba yi wa mutane. Ya ce manyan kantunan da ke sayar da kaya ta intanet suna neman masu kawo musu ciniki. Sai ki yi rajista da su, su ba ki linki, wato wani adireshi da ake latsawa, wanda aka maƙala masa alamarki a jiki. Ki rubuta abin da kika sani game da kaya, ki sa linkin a ƙasa. Duk wadda ta karanta ta latsa, zai kai ta kantin, kuma kantin zai ajiye wata 'yar shaida a wayarta ta 'yan kwanaki cewa daga wajenki ta fito. In ta saya da wannan wayar kafin shaidar ta goge, sai a ware miki kamasho daga ribar kantin. Ita mai saye ba a ƙara mata ko sisi.

Na ce, "Ashe dillanci na."

Ya ce dillanci ne, sai dai ba sai na ɗauki kaya a ka na bi gida-gida ba. Ya gargaɗe ni kada in ce zan yi magana a kan komai, yau takalmi gobe maganin basir. In tsaya a abu ɗaya da mutane za su san ni da shi. Wannan bai ba ni wahala ba, don ni duniyata kicin ce da zafin Sakkwato. Abin da na ƙara da kaina shi ne ba zan taɓa sa linkin abin da hannuna bai taɓa ba. Kuma a saman kowane rubutu na sa layi ɗaya da ke cewa in kin saya ta nan ina da la'ada a ciki, don ban son a wayi gari wata ta ce na yi mata ɓoye-ɓoye.

Shi ya biya kuɗin shafin na shekara. Ni kuma na shiga aiki da zumuɗi irin na wadda aka ba sabon ɗaki.

Rubutun da ya fi tafiya shi ne wanda na yi a kan kula, mazubin nan mai riƙe sanyi. Azumi na ƙaratowa a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙofar ƙarfe ka taɓa sai ka yi salati. Na tara kuloli, wasu nawa, wasu na aro a maƙwabta, wasu na saya da kuɗin adashina. Da hantsi na sayi ƙanƙara wajen matar da ke bayan gidanmu, na raba musu daidai, na jera su a barandar kicin na rufe. Kafin azahar wata ja mai tsada ta zama ruwa, kuma ruwan ma mai ɗumi. Na rubuta cewa wannan ba kula ba ce, bahon wankan jego ne aka yi wa murfi. Wata shuɗiya mai farin murfi kuwa, mara kyan gani, mai hannu kamar na bokiti, har aka yi la'asar ƙanƙara na ƙara a cikinta in ka girgiza. Na ɗauke ta hoto a jikin koren bangon kicin ɗina, hannuna da lalle da zobe a kan murfin, na sa linki a ƙasa.

Kantin da na yi rajista da shi yana da wani shafi da yake nuna maka mutum nawa suka latsa linkinka, da kuma nawa suka saya. Kowace safiya bayan na sallami yara makaranta sai in buɗe. Ɓangaren masu latsawa kullum hawa yake, har na riƙa yin hamdala a fili. Ɓangaren masu saye kuwa yana nan inda yake, kamar an ɗaure masa ƙafa. Aka yi azumi aka yi salla, ban ga abin a zo a gani ba. Jefi-jefi dai wani ya sayi cokali ko matacin shayi.

Bayan ƙaramar salla Yaya ya kira ni ofishinsa. Na same shi wajen la'asar, wuta ta ɗauke, yana fifita da wani kwali. Ya jawo gorar ruwa daga ƙarƙashin tebur ya zuba min a kofi, ruwan da sanyinsa har da ɓarɓashin ƙanƙara. Ya ce kwanan nan matarsa ta gano dabarar ajiye ƙanƙara, shi dai bai san yadda take yi ba, sai ta aiko masa da rana. Na sha na yi godiya, hankalina na kan kwamfutar da ya juyo min.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Mutanenmu kallo suka yi, ba su saye. Su latsa, su yi dariya, su tahi. Masu sayen kaya ta intanet suna Legas da Abuja, kuma ba su jin Hausa. In shekara ta zagayo, ko ki maida shi Turanci in sake biya, ko mu bar shi shi mutu. Ba ni zuba kuɗɗi cikin rijiya."

Ban yi masa musu ba, don abin da ya nuna min gaskiya ne a ido. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don sabulun ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne tunanin cewa matan da nake rubuta wa sun ɗauke ni mai ban dariya kawai. Suna jin daɗin bakina, amma ba wadda ta yarda da maganata har ta fitar da kuɗinta a kai. A cikin keke napep ɗin da ya maido ni Mabera titi kawai na ƙura wa ido, ni da direbobi ke roƙo in bar su su ji da hanya.

Na gwada Turancin, kada a ce ban gwada ba. Ina da shi daidai gwargwado, da shi na yi karatu. Amma da na zauna rubuta labarin fanka mai caji sai ya fito kamar rahoton da ake kai wa shugabar makaranta. Na nemi yadda zan ce bahon wankan jego na rasa. Wace matar Legas ce za ta san zafin da nake nufi in na ce ƙarfe biyun ranar Sakkwato? Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, daga baya na ajiye shi a waya ban ɗora ba. In na tuna da shi sai in ji kamar na sa takalmin wata.

Ana cikin haka gwaggona, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune a unguwar Gidan Dare, ta aiko cewa maƙwabciyarta ta haihu, in zo mu tafi suna tare. Ban so zuwa ba, amma gwaggo ba a ce mata a'a sai an shirya jin tarihin duk laifin da ka yi tun kana goye.

Gidan ya cika da mata. An kafa rumfa a tsakar gida, ana ta shigowa da kwanuka da kuloli, wannan da zoɓo, wannan da kunun aya, waccan da fura. Aka nuna wa masu kawowa jikin bango su ajiye. Ni kuma da halina na duba kayan mutane, ina zaune a tabarma idona ya kai wajen. Na ga shuɗiya mai farin murfi. Na ce a raina, to, ga wata mai hankali. Sai na ga wata kusa da ita. Na ƙara dubawa na ga wata a bayan randa, wata kuma wata yarinya ta zauna a kai ana kora ta. Kuloli dai iri-iri ne a wajen, amma wannan mara kyan ganin ita ta fi yawa.

Na matsa kusa da wata mata mai jan mayafi da na ga ta buɗe ɗaya tana ɗibar zoɓo. Ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba. Na gaishe ta, na yi mata barka, na ce kularta ta burge ni, a ina ta samo?

"Wagga? Ai wata mata ta ta intanet tac ce a saye ta," in ji ta. "Bakinta babu linzami, amma ba ta ƙarya. Da ja ni ka shirin saye, sai tac ce wai bahon wankan jego na anka yi ma murhi."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya, wata ta ce ita ma ta karanta, wata ta ce ita 'yarta ce ta karanta mata. Ni kuwa na yi tsuru-tsuru, ana ba ni labarin bakina a gabana. Gwaggo na gefe tana taunar goro, ta san komai, sai kallona take tana murmushi.

Na daure na tambayi matar, "To da kinka latsa wurin nan mai kai mutum kanti, nan kinka saya?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana ajiye zinarenta a bakin titi.

"In sa lambar katin bankina cikin waya? Ni? Allah shi kiyaye. Latsawa dai na yi in ga kuɗɗinta. Sannan nid ɗauki hoton, nik kai ma mai POS na bakin layi, mai cire ma mutane kuɗɗi. Shi ka yi muna oda. Ka ba shi kuɗɗi a hannu, kaya su zo shagonai, ka tahi ka ɗauka. In abu ya lalace ka san wuyan rigar da za ka riƙa."

Sauran matan duk suka ce haka suke yi. Wata ta ƙara da cewa ko ta so yin odar da kanta, gidansu ba lamba, mai kawo kaya zai yini yana kiran waya yana tambayar wane masallaci ne, na kusa da mai nika ko na kusa da mai itace. Shagon mai POS kuwa kowa ya san shi.

Nan take na gane inda la'adata take maƙalewa. Shaidar da kantin ke ajiyewa tana cikin wayar matar da ta latsa, cinikin kuma ana yin sa a wayar wani mutum dabam da bai taɓa shiga shafina ba. A idon kantin, matan Sakkwato sun leƙa sun wuce, wani mai shago kuma ya tashi haka kawai yana ta sayen kuloli. Ya kamata in ji haushin abin da ya wuce ni, amma wallahi daɗi ne ya cika ni, har na ji hawaye na neman zubo min a gidan sunan mutane. Na karɓi kofin zoɓon matar na shanye, na ce mata lallai wannan matar ta intanet ta san abin da take yi.

Sai a lokacin gwaggo ta tofa. "Ku bar ta tana yabon kanta. Ita ta, ɗiyar wana ta."

Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba. Aka yi ta shewa, mai jan mayafi ta rufe fuska, aka jawo ni tsakiya ana tambayata wace fanka, wane injin, wace tukunyar gas. Mai jego ma daga ɗaki ta aiko a tambaye ni fulas ɗin ruwan zafi.

Washegari da hantsi gwaggo ta raka ni shagon. Ɗan ƙaramin shago ne, rabi katin waya da caja, rabi kwalaye da aka jibga har rufi, kowanne an rubuta masa alama da alli. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, ba yaro ba kamar yadda na zata. Muka gaisa, gwaggo ta ce ga ɗiyarta tana da magana. Na fara bayani ke nan na ɗaga hannu ina nuni, sai ya tsaya yana kallon zoben da ke yatsana.

"Hajiya, dakata. Ke ta mai koren bango?"

Ya buɗe wayarsa ya miƙo min. Hotunan kicin ɗina ne reras, wanda aka ɗauka daga fuskar waya, wanda aka turo aka sake turowa har ya dushe. Ga kular, ga fankar, ga hannuna da lalle, ga tsagar bangon nan da na shekara ina yi wa maigida mitar a gyara. Mutumin nan ya san kicin ɗina fiye da yayana. Kunya ta kama ni, na ƙudura a raina a satin nan za a shafe tsagar.

Ya ce ai shi ma na ba shi wahala. Mata su kawo masa hoto, wani lokaci ba suna ba lamba, ya shiga kanti yana lalube. Akwai wata kula mai kama da tawa sak, shuɗiya ita ma, amma ba ta riƙe sanyi. Ya taɓa yi wa wata tsohuwa odarta bisa kuskure, ta dawo ta zauna masa a bakin shago tun safe har azahar tana ba duk mai wucewa labari.

Na ce masa to ga sauƙi. In mace ta zo da hotona, ya buɗe shafina a wayarsa, ya latsa linkin da ke ƙarƙashin kayan, zai kai shi kan ainihin abin ba lalube. In ya saya daga nan, kantin zai san ni na kawo cinikin.

Ya shafa gemu. Ya tambaya ko kuɗin kayan zai ƙaru a kan matan. Na ce ko kwabo. Ya tambaya ko za a taɓa ɗan ladan da yake karɓa na yin oda. Na ce wannan tsakaninsa da su ne, ba ruwan kanti ba ruwana. Ya tambaya ko kantin ya yarda da haka, don shi ba ya son abin da za a ce an yi coge. Wannan tambayar ta sa na ƙara ganin girmansa. Na ce ban sani ba tukuna, zan karanta sharuɗɗansu in dawo. Na karanta a ranar, layi-layi, na ga abin da suka hana shi ne in sayi kaya wa kaina ta linkina, ko in ruɗi mutum ya latsa bai sani ba. Na koma na faɗa masa, ya ce to bismilla.

A shafin kuma na ƙara wani layi a ƙarƙashin kowane kaya, da manyan baƙaƙe. Na ce in wani ne zai yi miki oda, kada ki kai masa hoto kawai, tura masa linkin ya latsa da wayarsa, ke ki samu ainihin kayan, ni in samu la'adata. Ban ɓoye komai ba. Ashe masu irin wannan shagon suna da yawa, a Mabera ma akwai, a bayan kasuwa akwai. Sannu a hankali ɓangaren nan da aka ɗaure wa ƙafa ya fara motsi. Ba wani abin gina gida ba ne, kada in yi ƙarya. Amma ya isa in sayi sabon kaya in gwada ba tare da na taɓa adashi ba, kuma sabulu dai na daina roƙo.

Ban gaya wa Yaya ta waya ba. Na bari sai wata Juma'a bayan an sauko masallaci na tafi gidansa, shekarar shafin saura kaɗan ta cika. Na tarar da shi a falo ya cire babbar riga yana jiran abinci. Na ba shi labarin tun daga gidan suna har shagon dattijo, na nuna masa shafin kantin. Ya duba, ya gyaɗa kai, amma Yaya ba ya sauka daga magana cikin sauƙi. Ya ce to, unguwa ɗaya ce, matan gwaggo ne, ba za a gina kasuwa a kansu ba. Wai mutanen da suka san ciwon kuɗinsu, masu ilimi, har yanzu Turanci suke karantawa.

Yana cikin wannan bayanin matarsa ta shigo, abokiyar wasata, ma'aikaciyar jinya ce da digirinta. Ta ajiye tire, ta koma, ta dawo tana rungume da kula don ta zuba mana ƙanƙara a kofi. Shuɗiya ce mai farin murfi, da hannunta kamar na bokiti.

Na dai kalli kular, na kalli Yaya. Ya bi idona da kallo.

"Ke, ina kinka samo wagga?" ya tambaye ta.

"Tun kahin azumi. Ƙanwarka tac ce ita ta mai kyau."

"A shahinta kinka gani?"

"Awo. Kullum ina karantawa."

"Kin latsa kin saya?"

"Na latsa na ga kuɗɗin. Sai nit tura ma mai POS na kusa da asibitinmu hoto." Ta dube shi da mamaki. "Ba ita ta ka ba ka ruwan sanyin da ni ka aika maka ohis ba?"

Yaya ya daɗe yana kallon kofin da ke hannunsa, ƙanƙara na yawo a ciki. Ni kuma na ciro wayata, na nemo rubutun Turancin nan na fanka da ya daɗe yana jirana, na goge shi a gabansa.

"A bar shi da Hausa," in ji shi, bai ɗago kai ba. Sannan ya miƙa wa matarsa kofin ya ce ta ƙara masa ƙanƙara.